Ku Tambayi Koci: Lig ɗin ƙananan kulob a Kebbi, ta ina ake shiga kuma da me ake ƙarasa kaka?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan mako. Saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan lig ɗin ƙananan kulob suke, wasu na shirin shiga, wasu sun shiga sun ji jiki. Na ɗauko waɗanda nake ganin za su amfani kowa, sauran sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Tambaya daga wani mai riƙe da tim a Jega: Koci barka da aiki. Muna da tim ta unguwa, shekara da shekaru muna buga kofin ciyaman da kofin sallah, bana ma mu munka ɗauka. Yanzu yara sun matsa sai mun shiga lig na gaske. To ni dai ban gane ba, ana ta cewa NLO, NNL, lig ɗin jiha, wane ne namu a ciki, kuma ta ina aka hawa?

Amsa: Barka kadai ɗan uwa, Allah ya sanya alheri a kofin da kuka ci. Abin hawa-hawa ne. A can sama akwai NPFL, wato Firimiyar Najeriya, kulob 20, kowa ya buga wasa 38 gida da waje, huɗun ƙarshe su faɗo. A nan su Kano Pillars suka ci kofi sau huɗu, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma Zamfara United ta Gusau ma ta taɓa yin shekaru a ciki. Ƙasa da ita sai NNL, wadda ake raba ta rukunin arewa da na kudu saboda nisan hanya, matakin da Kebbi United da Sokoto United suka sha bugawa ke nan. Ƙasa da NNL sai NLO, Nationwide League One, nan ne gidan ƙananan kulob da akademi, ana raba su rukuni-rukuni bisa yanki, wanda ya yi na ɗaya ya je wasan neman hawa. Sai kuma lig ɗin jiha da hukumar ƙwallon jiha, wato FA, ke shiryawa. Naku ke nan, daga nan za ku fara, kuma ƙofar shiga ita ce ofishin FA a Birnin Kebbi, ku je da kanku ku karɓi fom da takardar dokokin wannan shekarar, ku zauna ku karanta ta har ƙarshe, kar ku dogara da abin da wani ya ce ya ji.

Amma bari in gaya maka abin da ya fi wannan lissafin muhimmanci. Kofi daban lig daban. Kofin sallah mako biyu ko uku ne, yara na cikin zumuɗi, gari ya cika, in kana da zaratan yara goma sha ɗaya da gola mai kyau sai ka ɗauka. Lig kuwa watanni ake yi, kuma yaran nan naka ba ƙwallo ce sana'arsu ba, wannan ɗan kabu-kabu ne, wancan yaron makanike, wani tela, wani ɗalibi, wani kuma da an fara dashen shinkafa a fadama ba ka ƙara ganinsa sai an gama, kuma ba laifinsa ba ne don da ita gidansu ke ci. Ga wanda zai ji ciwo, ga mai jan kati, ga wanda wata tim za ta yi wa alkawarin sabon but ya gudu. Don haka in ba ka da yara ashirin da 'yan kai masu rajista, da gola biyu aƙalla, to tsakiyar kaka za ka tsinci kanka kana neman cikon na goma sha ɗaya a tasha. Kuma doka ce, tim da ta gaza mutum bakwai ba a ma fara wasa da ita.

Sannan takarda. Don Allah takarda. Hoton fasfo, takardar haihuwa ta gaskiya, NIN, lasin ɗin kowane yaro a cikin fayil ɗaya a hannun sakatare. Na ga tim ta yi nasara a fili da gumi, washegari aka kwashe makin a ofis saboda sun saka yaron da ba shi da lasin, abokan karawa suka rubuta ƙorafi. Ba abin da ke karya zuciyar yara kamar wannan.

Kuma ku yi rajistar kofin FA na jiha tare da lig, don tim biyun da suka kai wasan ƙarshe su ke wakiltar jiha a Kofin Tarayya, kofin da ake bugawa tun 1945. A nan ne ƙaramin kulob ke samun haɗuwa da manya har a san da shi, ko a 2024 El-Kanemi Warriors ta Maiduguri tana NNL ta ɗauke shi a hannun Abia Warriors da ke Firimiya.

Tambaya daga sakataren wata tim a Yauri: Koci mu kam mun shiga, kuma wallahi mun fara da kyau, zagayen farko muna na biyu a tebur. Sai mai ɗaukar nauyinmu ya janye, kuɗin mota ya gagara, munka kasa zuwa wasan waje, anka ba abokan karawarmu wokoba, wato nasara ba tare da an buga ba. Daga nan yara sunka watse, munka ƙare can ƙasa. Shin mi za mu yi badi kar haka ta sake faruwa?

Amsa: Sakatare sannu, na san zafin wannan abin, kuma ba ku kaɗai ba ne, mafi yawan tim ɗin da ke mutuwa a tsakiyar kaka ba a fili aka kashe su ba, kuɗin mota ne. Wokoba kuwa asara biyu ce, an ba abokin karawa maki uku da ƙwallo uku, ga tara, in ta maimaitu ma akan iya korar tim daga lig ɗin ɗungurungum.

Wanda bai taɓa bin tim wasan waje ba ba zai gane ba. Da an sallame asuba ake tashi, bas mai cin mutum goma sha takwas an cusa mata ashirin da wani abu, jakar jesi a cinyar wannan, ragar ƙwallaye a ƙarƙashin ƙafar wancan, ledar fiya wata a bayan direba, gola da yake dogo ne gwiwarsa na tokare da kujerar gaba tun daga Yauri har inda za a je. A tsaya a tasha a ci shinkafa da wake da mai da yaji, a isa bayan azahar ƙafafu sun sage, a yi sallah, a ɗan miƙe a inuwar bedi, ƙarfe huɗu a ce su shiga su yi gudun minti casa'in da mutanen da suka kwana a ɗakunansu. An tashi wasa kuma ga magariba ta kawo jiki, kuma halin da hanyoyinmu suke ciki yanzu ba mai hankalin da zai ɗauki 'ya'yan mutane ya yi tafiyar dare da su, musamman in ta wajen Zuru ne, dole a kwana, kwana kuwa kuɗi ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 duk wannan lissafin ya ninka, amma har yau wasu shugabannin tim da tsohon lissafi suke shiga kaka.

To ga shawarata. Ranar da jadawali ya fito, kafin a sayi jesi ko a yi wa kowa alkawari, ku ƙirga wasannin waje, ku kira direban da kuka yarda da shi ku yi ciniki da shi na kowace tafiya, ku haɗa da abinci da kwana inda ya zama dole, ku ƙara wani abu a kai saboda mai ba ya zama wuri ɗaya. Wannan kuɗin a ware shi gefe, ba a taɓa shi ko da me. In lissafin ya nuna ba za ku iya ba, to da muguwar rawa gara ƙin tashi, ku tsaya shekara ɗaya ku shirya, ba abin kunya ba ne.

Na biyu, ku daina ɗora tim a kan mutum ɗaya. Ɗan siyasa yana da lokacinsa, in zaɓe ya wuce ko ya faɗi shi ke nan, ba mugunta ba ce, haka abin yake. Gara ku sami mutum goma kowa da ɗan abin da zai iya. Mai gidan mai ya ce shi zai zuba man tafiya biyu, mai fiya wata ya ɗauki ruwa, mai injin casar shinkafa ya ba da buhu, mai kemis ya ba da bandeji da man zafi, 'yan kasuwar kifi ku ma kuna da su a Yauri, sannan magoya baya su yi karo-karo duk mako komai ƙanƙantarsa. Amma mutane ba sa ba da kuɗi sau biyu inda ba su ga lissafi ba, don haka kai sakatare ka riƙe littafi, duk ƙarshen wata ka karanta shi a gaban kowa, abin da ya shigo da abin da ya fita har kuɗin faci.

Sai bonas. Kar ku yi wa yara alkawarin abin da ba ku da shi. Ɗan kaɗan da za a miƙa wa yaro a hannu a bakin fili ranar da aka ci wasa ya fi babban alkawarin da za a yi ta ce masa sai an ga Alhaji. Yaran da kuka ce sun watse ina kyautata zaton ba wokoba ce ta kore su ba, sun ga babu tabbas ne, kuma wanda ya ajiye babur ɗinsa yini guda ya bi ku ya san nawa ya rasa.

Tambaya daga wata uwa a Argungu: Malam ina wuni. Ɗana shekarunsa goma sha shida, yana buga ma wata tim, kowa na cewa ya iya. Wani mutum ya zo kallon wasansu ya ce shi ejan ne, zai kai shi Turai gwaji, amma sai mun ba da kuɗin biza da jirgi. Yaron ya tada hankalinsa, har ya ce shi ya gama da boko, kullum zancensa ɗan wasan nan Zaidu Sanusi. Babansa ya rasu, abin da ya rage muna gona ce. In sayar?

Amsa: Hajiya lafiya lau, Allah ya jiƙan mahaifinsa ya raya miki shi. Kar ki sayar da gonar nan. Na roƙe ki kar ki sayar.

Dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba a kai shi kulob ɗin wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, kamar a ce iyayensa ne suka koma can da zama don wani dalili da ba ƙwallo ba, kuma ɗanki ba ya ciki. Don haka duk wanda ya ce zai sa ɗan shekara 16 daga Argungu a kulob ɗin Turai, tun daga nan maganarsa ta karye. Sannan kulob ɗin da ke son ganin yaro da gaske shi ke aiko da takardar gayyata da sunansa, ta hannun tim ɗin da yaron ke da rajista, ba a cewa uwar maraya ta sayar da gona. Ejan na gaskiya yana da lasin na FIFA, tun 2023 ma sai mutum ya ci jarabawa ake ba shi, kuma sunayensu na nan a shafin FIFA kowa na iya dubawa. Ki ce ya ba da cikakken sunansa da lambar lasin ɗinsa, ki sa kawun yaron ko kocinsa su kai ofishin FA a duba. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba, mara gaskiya kuwa ba za ki ƙara ganinsa ba. Yara da yawa an karɓe kuɗin iyayensu an zubar da su a ƙasashen mutane, ba kulob ba kuɗin komowa.

Zancen Zaidu kuma ina so a karanta wa yaron wannan. Gaskiya ne Zaidu Sanusi ɗan Jega ne, a nan ya taso yana ƙwallo a filin ƙasa irin wanda ɗanki ke bugawa, kuma duk Kebbi muna alfahari da shi. Amma da ya je Fotugal ba Porto ya faɗa ba, sai da ya yi shekaru a ƙaramin kulob na Mirandela a can ƙasan lig ɗinsu, cikin sanyi da baƙon yare, sannan Santa Clara ta ɗauke shi a 2019, Porto ta saye shi a 2020. Ƙwallon da ya ci Benfica a mintin ƙarshe a watan Mayun 2022, wadda ta ba Porto kofin lig, kowa ya gani a gidan kallo, shekarun Mirandela ne ba wanda ya kalla. Shehu Abdullahi na Sakkwato ma sai da ya buga lig ɗin gida, ya yi Kano Pillars, kafin ya fita waje har ya je Kofin Duniya na 2018. Ahmed Musa sai da ya ci ƙwallo 18 a Pillars a kaka ɗaya kafin Holan ta kira shi a 2010. Duk a gida aka fara ganinsu.

Yaro ya ci gaba da tirenin da yamma, ya ci gaba da makaranta da safe, ya rubuta jarabawarsa ta gama sakandare. Kuma Hajiya kar ki yarda kowa ya taɓa masa shekaru a takarda, ko a rage ko a ƙara. Tun 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI a gasar 'yan ƙasa da 17, yara nawa aka mayar gida daga sansani saboda wannan. Shekarunsa na gaskiya su ne jarinsa.

Ku kuma masu tim ga abin da ya shafe ku a nan. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba shi ga kulob ɗin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Amma sai in sunansa na cikin rajista a ƙarƙashin kulob ɗinku. In babu, ko kai ka saya masa but ɗinsa na farko ba ka da ko sisi.

Tambaya daga wani ɗan kallo a Gwandu: Mun yi gardama har an kusa dambe. An yi jifa daga gefe, ɗan gabansu yana bayan 'yan bayanmu duka, ya karɓa ya ci, rafari ya ce ta ci. Ba satar gida ba ce?

Amsa: Rafari ya yi daidai. Babu satar gida in ɗan wasa ya karɓi ƙwallo kai tsaye daga jifa, ko daga kwana, ko daga bugun gola na fitar da ƙwallo. Ku ba shi haƙuri in kun zage shi.

Tambaya daga wani kyaftin a Kamba: Koci wasanninmu sun faɗo cikin bazara, ga azumi, yara biyu sun faɗi a fili. Mi ya kamata?

Amsa: Kyaftin wannan ba abin wasa ba ne. Watan Maris da Afrilu zafin Kebbi na wuce digiri 40, kuma shekarun nan azumi na faɗowa kusa da lokacin. Ku haɗu da sauran tim ku rubuta wa masu shirya lig a ɗaga wasannin zuwa bayan sallah, ko a mayar da su can bayan la'asar sosai. Ko ba azumi, dokar ƙwallo ta yarda rafari ya ba da hutun shan ruwa da na huce zafi har zuwa minti uku a kowane rabi, ku nema tun kafin a take. Yaron da ya fara jiri ko ya rikice ko ya daina gane inda yake a fitar da shi nan take, a kai shi inuwa, a cire masa riga a yi ta kwara masa ruwa ana fifita, in bai dawo daidai ba da wuri a wuce asibiti, kar a tsaya ana cewa ragwanci ne. Tirenin kuma a azumi a rage shi, a yi mara nauyi dab da shan ruwa.

Tambaya ta ƙarshe, mai ita ya ce kar a faɗi garinsu: Wasan ƙarshe ya rage muna, mu ba mu hawa ba mu faɗuwa. Waɗanda za mu buga da su suna neman ci da yawa don su haye da yawan ƙwallaye. Sun aiko a asirce wai mu sassauta, za su ba mu abin da zai biya bashin da ke kanmu. Ciyaman ɗinmu ya fara lanƙwasa. Ni raina bai kwanta ba.

Amsa: Ranka ya gaya maka gaskiya ƙanena, ka tsaya a kai. A watan Yulin 2013 a Bauchi, wajen wasannin neman hawa na Nationwide, tim biyu na takara da yawan ƙwallaye kamar yadda ka faɗa. Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema, kuma kusan duk ƙwallayen bayan hutun rabin lokaci aka zuba su, don an tafi hutu ne ɗaya na 7 ɗaya na 6. Labarin ya zaga duniya. NFF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, ta dakatar da kulob huɗun shekara goma, 'yan wasa da jami'an da ke ciki aka haramta musu ƙwallo har abada. Ka lura, waɗanda aka ci ma ba su tsira ba, hukunci ɗaya aka yi musu. A cikin yaran nan akwai masu ƙafa, waɗanda ba su suka ƙulla cinikin ba, an ce musu ku tsaya ne suka tsaya.

Kuma ka tuna akwai tim ta uku, wadda ita ma ta sha hanya ta ci bashi tun farkon kaka, ita za a zalunta, haƙƙinta na kan duk wanda ya karɓi kuɗin nan. Sannan yaran da ka koya wa sayar da wasa yau, badi wani zai saye su a kanka ba tare da ka sani ba, golanka zai saki ƙwallo ka rasa ko kuskure ne ko ciniki.

Ka samu ciyaman ku biyu ka gaya masa cikin ladabi, ka ce ranka ya daɗe ni ba na ciki, kuma ba zan ce wa yara su sassauta ba. In ya nace ka kai maganar ga dattijan da ke bayan tim ɗin, su zai ji nauyi. Ka ajiye saƙon da aka aiko kar ka goge, in an matsa ka miƙa shi ga masu shirya lig kafin ranar wasa, don a turo kwamishinan wasa mai ido kuma a buga wasannin ƙarshen a lokaci guda. Bashin kuma ku fito da shi fili a taron magoya baya, ku faɗi nawa ne da wanda ke bi, ku shirya wasan sada zumunta da wata babbar tim a karɓi kuɗin ƙofa, a fara ragewa daga nan.